Malam Daki-Daki da Rabin Shafi

Yara ne suka raɗa masa sunan, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka. Hatta matarsa, idan ya ƙure ta, Daki-Daki take ce masa a bayan idonsa. Tarihi yake koyarwa a ƙaramar sakandaren da ke bayan tashar mota, a ajin ƙarshen baranda, mai tagar nan da ta kumbura ba ta rufuwa. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ajin ya san da abin da yake buɗe darasi: "Daki-daki. Littafi ba bola ba ne da za ku riƙa juye masa duk abin da kunnenku ya kwaso."

Ɗan magini ne. Ubansa irin mutanen nan ne da in yaro ya jera bulo ya karkace ko da faɗin farce, ba zai ce uffan ba, sai ya bari ginin ya kai ƙugu sannan ya sa ƙafa ya ture, ya ce a sake. A hannun wannan mutumin ya tashi, yana riƙe masa igiyar awo. Da ya gama kwalejin horon malamai ya rantse shi da siminti har abada, amma halin uban bai sake shi ba. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga da ta sha guga kamar za ta yanki mutum, biro uku a aljihu, ja da baƙi da shuɗi. Abin alfaharinsa a ofishin malamai ɗaya ne: "Ni tun da nake ban taɓa ɗaga wa ɗan wani bulala ba." Gaskiya ya faɗa. Sai dai tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu suka zama iyaye, in hira ta biyo ta kansa cewa suke da ma bulalar ce, don ita zafinta ba ya kwana.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya aikinsa. Yaro zai zo masa daga firamare bai san abin da ake rubutawa da abin da ake bari ya wuce ba, malami na magana shi kuma yana bin kowace kalma da biro har hannu ya sage ya watsar. Daki-Daki sai ya zaunar da su kwanaki ba a karanta komai sai jan layi. A bar gefen hagu faɗin yatsa biyu, nan ne gidan jan biron malam. A sa kan magana a sama a ja masa layi. Magana ɗaya, layi ɗaya. A ƙasan shafi a bar ɗan fili, yaro ya rufe littafin karatu ya faɗi abin da ya gane da kalmominsa. Kafin zango ya ƙare sai ka ga yaron da ba ya tuna abin da ya ci jiya yana jero maka dalilan yaƙi ba gargada. Sakamakon ajinsa ake liƙawa a kan gaba kowace shekara, iyaye har kamun ƙafa suke yi a sa 'ya'yansu wurinsa.

A gefen allo akwai wani katako da ya sa kafinta ya kafa masa, ya rubuta "Asibiti" a samansa. Duk shafin da bai yi masa ba, sai ya yage shi daga littafin, ya soke shi a nan da allura, ya kira mai shi ya tsaya kusa da majinyacinsa ya karanta wa aji. Shi kuwa yana zaune a bakin tebur yana kaɗa ƙafa yana sharhi. "A hankali mana, kar ka tashe shi. Wannan ai ya wuce magani, sai dai addu'a." Aji ya tuntsire, kowa na ƙara murya a dariyar don yana fatan gobe ba kansa za ta faɗa ba.

A gida ma bai sauka daga bakin teburin ba. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta na ɗakin gaba inda mata ke shigowa awo. In ta zo masa da labari, "Malam, ka ji abin da ya faru a gidan maƙwabta?" sai ya ɗaga mata tafin hannu.

"Tsaya. Wa ya yi? Yaushe? A bakin wa kika ji?"

"Haba Malam, hira ce fa."

"Hirar da ba ta da kai ba ta da gindi."

Tun tana ƙarasa labari har ta koma ba ta farawa. Babban ɗansu ya samu aiki a wani gari mai nisa, duk hutu kuma sai ya samu uzuri. Autar, da ke ajin ƙarshe na babbar sakandare, ta koyi yin aikin makaranta a gidan ƙawarta. Matar tana da yaya bakanike mai gareji a can ƙarshen gari, mutum mai faɗin ƙirji da son raha, wanda Daki-Daki ke kira "farfesan baƙin mai" a gaban jama'a. Yayan sai ya yi dariya ya share hannu a tsumma, amma kunne ba ya mantuwa.

A aji biyu ne ake zuwa kan yaƙe-yaƙen addini na zamanin da, lokacin da rundunoni suka riƙa tasowa daga yamma da alamar gicciye a kafaɗa don ƙwace birnin Ƙudus, aka ɗauki wajen shekara ɗari biyu ana ɗauki ba daɗi. Makarantar kuwa gauraye take, ɗan masallaci da ɗan coci a benci ɗaya, suna aron biro suna raba alewa. Sauran malamai in sun iso wannan babi tsallake shi suke yi kamar kwata, su ce wa yara su karanta a gida. Daki-Daki shi ne babin da ya fi so. Ya kan ce matsoraci ne ke ɓoye wa yaro tarihi.

Ya iya ba da labarin kuwa. Sai ya ajiye alli ya riƙa zagaya aji, yana faɗin yadda mahara suka iso gindin ganuwa cikin zafin rani, leɓe ya tsattsage don ƙishi, yadda suka haɗa hasumiyar katako suka tura ta jikin bango, da abin da ya biyo baya da birnin ya faɗi, aka bi mutane har cikin wuraren ibada. Aji ya yi tsit, ko tari babu. Sannan ya tafa hannu. "To, an gama jin daɗi. A ɗauko rula."

Shafin wannan babi na musamman ne. Ana raba shi gida biyu daga sama har kusan ƙasa. Gidan hagu a sa masa kai, "Abin da mahara suka ce game da mutanen birni." Gidan dama, "Abin da mutanen birni suka ce game da mahara." A ƙarƙashinsu a haɗe layin a rubuta abin da aka aikata, da kuma wanda ya biya da ransa. Dokarsa ita ce ba a tausasa magana. In sun ce ƙazamai, a rubuta ƙazamai. In sun ce maƙiya Allah waɗanda jininsu ya halatta, haka za a rubuta. "Ba bakinku ba ne," in ji shi, "bakinsu ne. Shi ya sa kowane gida ke da kai a sama. Ku ga da idonku cewa kafin takobi ya fita daga kube, baki ne ke fara fita." Shekara da shekaru ana yin haka, ko ƙorafi ba a taɓa kawowa ba.

A shekararsa ta ƙarshe a makarantar, ko da yake lokacin bai san ita ce ta ƙarshe ba, akwai wata yarinya a ajin, 'yar wani direban babbar mota. Ta fi sa'o'inta tsawo, don haka bencin baya aka ba ta. Kullum ido a ƙanƙance take kallon allo, baki a ɗan buɗe, kowa ya gama shafi ita tana rabi. Layinta ba ya tafiya daidai, rubutunta na hawa yana gangarowa. Daki-Daki ya sa mata suna Kififfiya, aji ya karɓa, daga nan makaranta duka. Shafukanta sun fi na kowa kwana a Asibiti, har ya kan ce ita gado ta kama na dindindin.

Wata safiya uban ya zo. Ya dawo daga doguwar tafiya ke nan, ido jajir, rigarsa duk ƙurar hanya. Maimakon ya bi ta ofis sai ya tsaya a ƙofar aji ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Malam, ni ne mahaifin yarinyar nan ta baya. Na ce bari in zo in ba ka haƙuri. Kullum da kuka take dawowa, ko abinci ba ta ci. In da hali a sassauta mata, tana ƙoƙari wallahi."

Da Daki-Daki ya fito baranda ya saurare shi, da magana ta mutu a nan. Amma ya ji haushin an katse masa darasi, kuma ga ido arba'in da wani abu a kansa.

"Shigo, shigo, baban Kififfiya. Ka ce tana ƙoƙari ko? Ga aikinta nan a jikin katako. Karanta mana layin farko mu ji ƙoƙarin."

Direba ya matsa gaban katakon ya tsaya. Ya dubi takardar, ya juya hular a hannunsa, ya sake duban takardar.

"Malam, ni ban yi boko ba."

"Au. To ka ga, ba daga ƙasa ta tsinta ba."

Ajin bai yi dariya sosai ba a wannan karon, amma 'yan kaɗan da suka yi sun isa. Direba ya mai da hularsa ya fita bai ko waiwayi bencin baya ba. Yarinyar ta kifa kai a kan tebur. Abin ya ɗan dami Daki-Daki, ya share shi da cewa direban ne ya jawo wa kansa, wa ya aike shi aji? Ya ɗauki alli ya ci gaba.

Ba a jima ba aka iso babin yaƙin Ƙudus. Ranar duba littattafai yana bi benci benci, ya sa hannu da jan biro a gefen hagu sannan ya karanta, don haka ya saba. Ya iso kan Kififfiya, ya sa hannu, ya duba. Ta raba shafin gida biyu, ta cika kowane gida da abin da ya dace, amma garin sauri kar a bar ta a baya ba ta rubuta kan magana a sama ba, ko na hagu ko na dama.

"Gida biyu ba kai. Sau nawa zan faɗa?"

Ya fizge shafin, ya ga ma bai cancanci gado a Asibiti ba, ya tsaga shi biyu daidai kan layin tsakiya, ya dunƙule rabin dama ya jefa kwandon shara, ya cilla mata rabin hagu a fuska. "Kai wa babanki ya karanta."

Ta kai gida kuwa. Uban na hanya, amma ƙaninsa na nan, mai shagon sayar da wayoyi a bakin tasha, mutum mai baki da yawan jama'a, wanda tun ranar da yayansa ya dawo daga makaranta ya kasa cin abinci yake neman inda zai kama malamin. Ya karɓi rabin shafin ya miƙar da shi a kan gilashin shago. Ga zagi layi layi a kan masu addini guda, da rubutun yarinya, ba kai ba bayani, ga sa hannun malam da jan biro a gefe kamar ya ce madalla. Baffan ba jahili ba ne, ya tambayi yarinyar ta kuma faɗa masa yadda abin yake. Ya ce ta je ta wanke fuska. Ya ɗauki hoto.

Kafin rana ta faɗi hoton ya zaga gari. Washegari Daki-Daki ya doso makaranta da jakarsa ya tarar da ƙofa cike da maza. Ya ɗauka wani ne ya rasu. Sai da takalmi ya same shi a kafaɗa ya gane shi ake jira. Mai gadi ne ya ja shi ta ƙaramar ƙofa ya tura shi ɗakin ajiya ya kulle, ya yi awanni a kan buhun alli yana jin ana kiran sunansa da abin da za a yi masa. Bai ji tsoro ba da farko, fushi ya ji. Ya riƙa tsara amsarsa a kai, na ɗaya, na biyu, na uku, yana da tabbacin duk mai hankali in ya ga cikakken shafi zai ji kunya.

Shugabar makaranta mace ce mai taushin murya da ta kusa ritaya, ba abin da take so irin ta kai ƙarshe lafiya. Ta kira taron iyaye a babban zaure. Aka zaunar da shi a kujera shi kaɗai a gaba, malamai suka jeru a jikin bango. A cikinsu babu wanda Daki-Daki bai taɓa gyara wa rubutu a allon sanarwa da jan biro ba, don haka kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Aka kawo yarinyar, baffanta na dafe da kafaɗarta.

"'Yata, wa ya ce ki rubuta wannan?" in ji shugaba.

"Malam ne."

"Shi ya sa hannu?"

"Shi ne."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Daki-Daki ya miƙe. "A tambaye ta ina ɗaya rabin!"

Yarinyar ta ɗago ta ƙanƙance ido wajen da muryarsa ta fito. "Kai ka yaga, Malam. Ka jefa a shara."

Bai ja da ita ba. Ya buɗe jaka ya fito da littafin wani yaro mai kyan rubutu, ya ɗaga shi sama, ya shiga bayani da muryarsa ta aji, wadda ke sa babba ya ji kamar an mai da shi benci. Ya nuna kan magana na hagu. Sannan, don kowa ya ga adalcinsa, ya karanta gidan dama daga sama har ƙasa da ƙarfi, duk sunayen da mutanen birni suka kira mahara da addininsu.

Rabin zauren da ya zo kallo ne kawai, iyayen ɗaya ɓangaren da tun safe suke cewa a bi a hankali, su ma suka miƙe. Wata mata ta ce, "Au, ashe mu ma an zage mu? Ɗana ya rubuta wannan da hannunsa?" Aka rasa mai jin wani. Tsofaffin unguwa sun daɗe suna cewa ba su taɓa ganin iyayen ɓangarorin biyu sun haɗa baki a kan abu ɗaya ba sai ranar.

Shugaba ta sa aka tattara littattafan ajin duka aka ƙone a bayan banɗaki don a zauna lafiya. Ta same shi a ofis tana murza zobenta.

"Malam, na san ba haka kake nufi ba. Kowa ya sani."

"To ki fita ki faɗa musu."

"Ina da yara sama da ɗari bakwai a hannuna. Ka je gida ka huta tukuna."

Hutun bai ƙare ba. Aka ce an dakatar da shi, aka ce ana bincike, daga baya aka ce ya fi masa alheri ya ajiye aiki da kansa. Ya yi ta zarya ofishin ilimi da cikakken shafin da ya tsira a jakarsa, ya sa shi a cikin leda, yana nuna wa duk wanda ya tsaya, har masinjoji suka riƙa ɓuya in sun hango farar rigarsa. Babin yaƙe-yaƙen kuwa ba a sake koyar da shi a makarantar ba.

Masifar ba ta tsaya a kansa ba. Matan da ke kawo ɗinki suka riƙa aiko yara karɓar yadinsu ko ba a taɓa shi ba. Aka fasa musu gilashin taga da dutse, aka zuba ƙazanta a ƙofar gida. Autar ta zana jarrabawarta ta ƙarshe ba mai zama kusa da ita, da ta gama ta tattara ta koma wurin yayanta, ta ce hutu za ta yi, ba ta dawo ba. Mai gidan haya ya zo da kansa, yana ta rantsuwa ba shi da komai da Malam, amma gini nasa ne kuma wuta ba ta san mai laifi ba.

Yayan matar ne ya turo mota aka kwashe kaya. Yana da ɗaki biyu a bayan gareji, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi da famfon wanke injin. Yayan ya tsaya yana kallon ana sauke kwalayen littattafai.

"Suruki, ka yi haƙuri da gidan farfesan baƙin mai. Ba mu da laburare."

Matar ta ce, "Yaya, don Allah."

"Wasa nake yi, ƙanwata. Ai mu da Malam mun saba wasa."

Yayan ba ya son mutum ya zauna masa haka kawai, sai ya ba Daki-Daki kujerar roba a bakin ƙofar gareji, mota ta zo ya ja ƙyaure, ta fita ya mayar. Daki-Daki ya karɓa don ba yadda zai yi. Ya ci gaba da sa farar riga, kafin azahar ta yi dabbare-dabbare. Kanikawan, manyan ƙarti masu iyali, suka samu abin nishaɗi. Wani ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Malam, wa ya ci yaƙin nan ne a ƙarshe?" In ya buɗe baki zai amsa, don har lokacin ba ya iya jin tambaya ya ƙyale, sai wani ya taka totur har sai ya yi shiru. Kullum sai an yi, kullum kuma sai ya faɗa.

A ɗaki matar ce ke shan sauran. Ya riƙa bin ta da gyara a kan gishiri, a kan ninkin zani, a kan yadda take faɗin magana. Wata rana ta dawo daga kasuwa ta ajiye kwando ta tsaya a kansa.

"Na haɗu da uwar yarinyar nan. Ashe ido ne. Sabuwar malama ce ta lura ba ta ganin allo, aka kai ta asibiti aka ba ta tabarau. Amma ta bar makarantar, yara sun hana ta sakat, wai ita ta sa aka ƙone musu littattafai. Tana shagon baffanta yanzu tana goge gilashi."

Ta ɗauka yau kam za ta ji abin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

"Da ta faɗa ai," ya ce. "Baki gare ta."

Matar ta ɗauki kwandonta ta shige. Daga ranar ta daina cin abinci tare da shi, ta kan ajiye masa kwano a bakin ƙofa ta koma kan kekenta, wanda yanzu kayan aikin kanikawa take faci da shi.

Ya yi shekaru a kan kujerar nan. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, ya daina zuwa ofishin ilimi. Wani lokaci yaran wata makaranta kan wuce ta gaban gareji da jakunkuna a baya, sai ya bi su da ido har su sha kwana. Sau ɗaya ya kira wani ya ce ya nuna masa littafinsa, uwar yaron ta fito daga shagon da ke tsallake ta ja ɗanta tana faɗin abin da ya sa bai sake ba.

Ranar da ya rasu rana ce mai zafi, gareji cike da aiki. Wajen hantsi aka ga ya jingina kai da bango, baki a ɗan buɗe. Wata mota ta yi ta hon bai tashi ba, wani bakanike ya ja ƙyauren da kansa yana cewa Malam ya tafi yaƙi. Suka ɗora masa mazurarin mai a ka a matsayin hular ƙarfe, suka jingina masa sifana a kafaɗa, suka shafa masa gashin baki da baƙin mai. Aka yi ta ɗaukar hoto, masu kawo gyara ma suka shiga, har da mai gareji a ɗaya, ya rungumo kafaɗarsa yana dariya. Sai da matar ta fito da kwano bayan azahar, ta ga abin da ke kansa, ta ce, "Kai, ku ji tsoron Allah," ta kai hannu za ta cire mazurarin, ta taɓa goshinsa ta ji shi sanyi ƙalau.

Ita ta zauna da sabulu da tsumma ta goge masa baƙin man kafin a zo ɗaukarsa, bai kuma fita duka ba. Babban ɗan ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, autar ta bugo waya. Daga makaranta mai gadi ne kaɗai ya zo, ya yi gaisuwa a tsaye ya ce ya bar ƙofa ba kowa. Mai gareji ya bi kanikawansa ɗaya bayan ɗaya ya sa suka goge hotunan a gabansa, ya rufe gareji na yini biyu, a na uku aka buɗe don akwai motocin mutane.